Tsohuwar Manhaja a Tsohuwar Waya

A Accra New Town, wadda dattawa ke kira Lagos Town, da maƙwabtanta Nima da Maamobi, ba a saurin yanke ƙauna daga waya. Idan ta yi nauyi, ko ta maƙale a kan tambarin kamfani ta ƙi buɗewa, sai a kai ta wurin masu gyara, a cikin unguwa ko a Tip Toe Lane da ke Kwame Nkrumah Circle, a yi mata filashin, wato a goge babbar manhajar da ke tafiyar da ita a ɗora wata. Sau da yawa tsohuwar da ta zo da ita daga kamfani ake mayar mata, domin ita ce ƙaramar ƙwaƙwalwarta ke iya ɗauka.

Wannan sana'a ta cancanci yabo. Android 4.4, wadda ta fito a 2013, an tsara ta ne don wayoyi marasa ƙarfi, shi ya sa wayar da ta sume takan farfaɗo da ita. Duk wanda ya ga hayaƙin da ke tashi daga jujin kayan lantarki na Agbogbloshie kafin a rushe shi a 2021 ba zai raina aikin da ke ƙara wa waya kwana ba.

Sai dai akwai abin da ya wajaba mai gyara ya faɗa kafin ya karɓi ladansa. Tun Agustan 2023 Google ya daina sabunta hidimominsa a kan Android 4.4, kuma a Oktoban shekarar WhatsApp ya janye daga duk manhajar da ba ta kai 5.0 ba. Kafofin da ɓarayin intanet suka gano a irin wannan manhaja ba mai toshe su. Mafi muni, mai wayar yakan nemi jabun WhatsApp da ba a san asalinsa ba, ya ba shi izinin karanta saƙonni, alhali a layin nan ne saƙonnin kuɗinsa na MoMo ke shigowa. Mai gyaran da ya san haka ya yi shiru ya ci amana.

Wayar da aka farfaɗo tana da aikin da ya dace da ita: sauraron karatun Alƙur'ani, rediyo, ƙamus na ɗalibi, naɗar darasi a makarantar dare. Layin da ke ɗauke da kuɗi kuwa, ƙaramar waya mai madannai ta ishe shi, tunda *170# ba ya buƙatar intanet.