Kafin Mu Naɗa wa Kakanninmu Sarautar da Ba Su Yi Ba

Yanzu ana yayin zaƙulo tsofaffin hotuna daga ƙasan adaka ana ɗorawa a Facebook, kuma ina murna da hakan. Abin da ke damuna shi ne labarin da ake liƙa musu. Matashi ya ga kakansa da rawani, sai ya rubuta cewa basarake ne. Ya gan shi dafe da rediyo, sai ya ce attajirin garinsu ne. Tufafi da kayan da ke cikin tsohon hoto shaida ne, amma shaidar da sai an yi mata tambayoyi kafin a karɓe ta.

Akwai hoton da muka gada a gidanmu. Kakana na wajen uba yana zaune da babbar riga mai aska takwas, ya naɗe hannun rigar a kafaɗa don agogo ya fito, ga rediyo a kan ɗan tebur, ga keke Raleigh a jingine a bayansa. Goggona, babbar 'yarsa, ita ta warware mana shi ɗaya bayan ɗaya. Rigar tasa ce, ta sallah da zuwa ɗaurin aure. Agogon na amininsa ne. Rediyon na mai hoto ne a Sabon Gari, kowa ya zo shi ake ajiye masa. Keken kuwa da kuɗin gyaɗa ya saye shi, kuma saboda shi ya je ɗaukar hoton. Manomi ne da kaka ta yi wa kyau, kuma wannan labarin ya fi mini daraja a kan duk wata sarautar da za a ƙirƙira masa.

Aron kaya a ɗakin hoto al'adar sana'ar ce a Afirka ta Yamma. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, yakan tanadi kwat, agogo, alƙalami, rediyo, har da babur Vespa, mai zuwa ya zaɓi abin da yake so a gan shi da shi. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma a hoto yana nuna mana burin mutum da abin da zamaninsa yake ɗauka wayewa. Wannan ma tarihi ne, muddin mun kira shi da sunansa.

Tufafi sun fi kayan ɗakin hoto faɗin gaskiya, in an san karatunsu. Malami yana naɗa rawani, alƙali da ango ma haka. A Kano, rawani mai kunne biyu ne ke nuna gidan sarauta. Rawani mai sheƙi ɗan Kura yana nuna mutumin da ya iya sayen aikin marina mai tsada. Makawiya a ka alama ce ta wanda ya dawo aikin Hajji. Jar dara tare da kaki na iya nufin sojan rundunar Afirka ta Yamma, irin waɗanda Ingila ta kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, amma dara kaɗai ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa ma sun sa ta. Sai an haɗa alama da alama kafin a yanke hukunci.

Hotunan mata ne suka fi shan wahala a hannunmu. Kaka ta fito da ɗaurin zane da ɗankwali, wuyanta da tsakiya da murjani, hannu cike da awarwaro, sai jikoki su ɓoye hoton, wasu ma su yaga, don ba ta sa hijabi ba. Hijabi irin na yau ya yaɗu ne daga wajen shekarun 1980. Waɗannan iyaye sun yi shigar mutunci ta zamaninsu, kuma kitsonsu da adonsu su ne kusan duk abin da ya rage mana na yadda matan garuruwanmu suke ado a da.

A juya bayan hoton kuma. Hatimin mai hoto yakan ba da gari. In an rubuta kuɗi da fam da sule, to mai yiwuwa an rubuta kafin 1973, shekarar da naira ta shigo. In akwai mota mai sitiyari a dama, mai yiwuwa ta shigo ƙasar kafin Afrilun 1972, lokacin da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama.

Ina kuma adawa da shafa wa hotunan launi da manhajar waya. A hoto mai baƙi da fari, ja da kore da shuɗi mai duhu duk suna iya fitowa kusan iri ɗaya, don haka manhajar cinta kawai take yi. Sai ta mayar da rigar dogari mai ja da kore ruwan toka, shaidar aikinsa ta ɓace, jikoki kuma su gaji kuskuren a matsayin gaskiya.

Roƙona ga duk wanda ke da irin wannan hoto: ka kai shi gaban tsohon da ya fi kowa shekaru a danginku tun yana da rai. Ka tambaye shi rigar ta wa ce, agogon na wa ne, wane dalili ya sa aka je ɗaukar hoton. Ka rubuta amsar a takarda, ka ajiye su tare nesa da danshi da gara, sannan ka nuna wa duniya.