A San Ciwo Kafin a Sayi Magani: Ina Kuɗin Bincike?

'Yan'uwa maza da mata na Makwar da Mai Wurno, da dukkan ƙauyuka da kambo-kambon Jazira da Nilul Azraƙ:

Ku tuna zazzaɓin ƙarshe da ya kwantar da wani a gidanku. Wa ya faɗa muku sunan ciwon? Mai kantin magani ya dubi fuska ya ce maleriya ce. Aka sha ƙwaya kwana 3 jiki bai yi sanyi ba, aka ce to taifot ce. Aka koma allura, aka sayar da akuya, aka ci bashi a kan amfanin da ba a girbe ba. Wannan lalube ne cikin duhu, da kuɗinku ake yin sa, wani lokaci da ran ɗanku.

Maganar jam'iyyarmu guda ɗaya ce. Gwamnatin da ba ta ware kuɗin binciken gano cuta, ta bar talaka ya biya kuɗin jahilcinta. Ku dubi cututtukan da muke kwana da su, ku yi hukunci da kanku.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Makwar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, ruwan tur'a ya kawo auduga, ya kawo sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Iyayenmu ne suka tsaya cikin wannan ruwa, mu ne a ciki yau. Tsargiyar fitsari tana nuna kanta da jini. Ta hanji kuwa ɓoyewa take yi shekara da shekaru tana cin hanta, har mutum ya fara aman jini. Sai an duba bayan gida da madubin likita ake ganin ƙwanta, kuma idan ƙwan kaɗan ne gwajin yakan wuce bai gani ba.

Ga kala-azar, ciwon da ke kama masu zuwa aikin riɗi da dawa a Gadarif da Dindir, inda ɗan ƙudan da ke yaɗa shi yake zaune cikin aduwa da tsagewar baƙar ƙasa. Zazzaɓi ne na makonni, saifa ta kumbura, mutum ya rame. Idan ba a yi magani ba, kusan kowa mutuwa yake yi. Idan an gane shi, allurar kwana 17 tana warkar da mafi yawa. Akwai gwajin gaggawa na ɗigon jini mai suna rK39. Bitar bincike da aka buga a 2014 ta nuna a Indiya da maƙwabtanta yana gano kusan 97 cikin masu ciwon 100, a gabashin Afirka kuwa kusan 85. Ma'ana, cikin marasa lafiyarmu 100, kimanin 15 za a ce musu ba su da shi, su koma gida da ajalinsu a ciki.

Maleriya ma ta fara wayo. A 2016 maƙwabciyarmu Eritiriya ta canza gwajin gaggawar da take amfani da shi, domin ƙwayar cutar ta daina fitar da sinadarin da gwajin yake nema. Masu bincike ne suka gano haka. Sauro bai san iyaka ba, to wa yake duba namu jinin a kai a kai?

Sai nabit, kumburin da ke farawa daga sukar ƙaya ya ƙare da yanke ƙafa. Jihar Sinnar tana cikin wuraren da ya fi yawa. Iri biyu ne, wani bakteriya ke kawo shi, wani kuma dangin funfuna, kuma maganinsu daban. Har yau babu gwaji mai sauƙi da ma'aikacin lafiya zai yi a ƙauye ya bambance su. Manomi sai ya yi tafiya mai nisa, shi ya sa yake zuwa a makare.

Kada wani ya ce muku ba mu da masana. Tun 1903 akwai ɗakin binciken cututtuka a Khartum. A 1991 aka kafa cibiyar binciken nabit a asibitin Soba ƙarƙashin Farfesa Ahmed Hassan Fahal, kuma da ƙoƙarin Sudan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016. Jami'ar Jazira a Wad Madani tana da cibiyar cututtuka masu yaɗuwa. Ilimi akwai. Kuɗin gida ne babu.

Mun ga abin da dogaro da baƙo yake jawowa. Shirin Lafiya na Nilul Azraƙ da aka fara a 1979 da tallafin waje ya karya lagon maleriya a Jazira na kusan shekara 10. Da kuɗin ya tsaya, aikin ya tsaya, zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa. Zanen aro ba ya rufe katara. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙarasa ɗan abin da ya rage: aka mamaye babban ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa a Khartum, aka wawashe cibiyar Soba, kwalara ta ɓarke a 2024 a lokacin da ma'aikata suka watse. Yanzu kowa yana maganar sake gini. Idan muka yi shiru, za a gyara ofisoshin manya a bar mu da mai kantin magani.

Masu mulki sun san alkawuran da aka yi. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka amince da ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. A Bamako a 2008 ministoci suka yi kira da a ba bincike akalla kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya. Ku tambaye su a wace shekara suka cika ko ɗaya.

Ga abin da jam'iyyarmu ta ɗauka a wuyanta, ku riƙe wannan takarda ku kama mu da ita:

1. Za mu sa kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya ya zama doka domin bincike, rabinsa a kan hanyoyin gano cuta.
2. Duk gwajin da za a shigo da shi, sai an jarraba shi a kan marasa lafiyarmu a Sinnar, Jazira da Gadarif kafin a raba.
3. Kowane asibitin karkara ya samu madubin likita, wutar hasken rana, da ma'aikacin gwaji mai albashi a kan lokaci. Mazauna kambo suna cikin lissafi, domin su ne a bakin tur'a.
4. Za a ware guraben karatun aikin gwaje-gwaje ga 'ya'yan ƙauyukanmu, mata da maza, waɗanda za su yi wa tsohuwa bayani da harshen da take ji.
5. Kowace shekara a liƙa lissafin kuɗin a ƙofar asibiti, kowa ya gani.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda ya zo neman goyon bayanku, daga kowace jam'iyya har da tamu, kada ku bari ya tashi daga tabarma sai ya amsa: nawa zai ware wa binciken gano cuta, kuma a wane asibiti za a fara gwaji? Wanda ya kawo sukari da sabulu bai kawo amsa ba, ku san matsayin da ya ajiye ku. Ku karanta wa wanda bai iya karatu ba, ku tattauna a masallaci da majalisa da wajen suna. Ranar da aka kafa akwati, ku zaɓi wanda ya yi alkawarin sanin ciwonku kafin ya sayar muku da magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo mana da zaman lafiya.