Wa Ke Rubuta Sunan Gwamnati a Kundin Masu Jinkirin Biya?

Tun da aka buɗe Bankin Gidaje na Nijar a Yamai cikin watan Disamba na 2018, da jarin miliyar 10 na sefa, ake ta faɗa wa ma'aikaci cewa kwanan haya ya ƙare. Ka kawo takardunka, in ji su, ka jinginar da filinka, a ba ka bashin shekaru ka gina inda za ka sa haƙarƙari. Abin da ba a faɗa masa da babbar murya shi ne, kafin a buɗe takardun da ya kawo, akwai wata takarda da ake fara dubawa, wadda ba shi ya rubuta ta ba, kuma sau da yawa bai ma san da zamanta ba. A cikinta aka jera kowane watan da ya makara wajen biyan wani bashi na baya. Malamin makaranta a Gabi, ko ma'aikacin asibiti a Safo, yana iya shan hanyar Maraɗi sau biyar yana kai dosiye, alhali tun ranar farko an riga an yanke masa hukunci.

Bari mu warware wa mai karatu yadda abin yake. Ƙasashe takwas masu amfani da sefa a yammacin Afirka sun amince da doka guda a kan ofisoshin tattara bayanan bashi, Nijar ta zartar da tata a ƙarshen 2014. Babban banki na BCEAO ya ba kamfanin Creditinfo VoLo, mai hedkwata a Abijan, izinin wannan aiki, ya kuma fara a 2016. Bankuna da manyan asusun ba da lamuni suna aika masa labarin masu cin bashinsu: nawa aka ranta, nawa aka biya, kwana nawa aka makara. Doka ta buɗe ƙofa ga kamfanonin wuta, ruwa da tarho su ma su kai nasu. Duk bankin da ka je neman sabon bashi sai ya nemi wannan rahoto, kuma abin da aka rubuta yana bin mutum har shekara 5. Jinkirin da ya wuce kwana 90 kuwa, ƙa'idar BCEAO ta tilasta wa banki ya sa shi cikin jerin basussukan da ake shakkar dawowarsu, ya ware kuɗi domin asara. Banki ba ya manta wanda ya sa shi ware kuɗi.

Ba mu ce rubuta bashi laifi ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma wanda ya san yadda bankin BDRN ya durƙushe a 1990, bayan manyan ƴan kasuwa da masu kusanci da mulki sun kwashi kuɗi ba su mayar ba, ba zai yi jayayya da cewa ƙasa na bukatar sanin wa ke biya, wa ke gudu ba. Amma surar da ta ce a rubuta, ita ce ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Masu tsarin nan sun ɗauki rabin farko sun bar na biyu.

Kundin yana rubuta cewa an makara, ba ya rubuta dalili. Nan ne zaluncin yake, domin a ƙasar nan babu wanda ya kai gwamnati jinkirin biya.

Wanda ya yi aiki a shekarun 1990 bai manta ba. An karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, albashi ya koma abin da ake jira kamar ruwan bazara, ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta yi yajin aiki har ta gaji, aka shiga shekara ta 2000 ma'aikata na bin baitulmali albashin watanni barkatai. Da aka tashi biya a farkon shekarun 2000, wasu filaye aka miƙa musu a madadin kuɗi, da yawa suka sayar da su saboda yunwa ba ta jiran gini. Malaman kwantiragi kuwa sun shafe shekarun 2010 suna fita yajin aiki a kan ɗan abin da ake ba su wanda ba ya zuwa kan lokaci. To, ma'aikacin da ya ci ƙaramin bashin babur ko na ragon layya, bankinsa daga albashi yake cirewa ranar da aka ajiye. Idan baitulmali ya makara da kwana 40, asusu ya wayi gari wayam, na'ura ta rubuta cewa wane bai biya ba. Sunan malamin ne zai shiga Abijan. Sunan ministan kuɗi ba zai shiga ba. Kura ta ci akuya, an kama kare ana duka.

Kada a ce mun yi ƙari. Ƙa'idar da ta ba mutum kwana 90, ita ce ta ba gwamnatoci kwana 180 kafin a kira bashinsu abin shakka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO da UEMOA ya rufe asusun ƙasa a babban banki, Nijar ta kasa biyan basussukanta a kasuwar yankin har abin ya haura miliyar 300 a farkon 2024. Hukuma ta ce ba ƙin biya ta yi ba, hannunta aka ɗaure, kuma gaskiya ta faɗa. Aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, a Afrilu ta koma kasuwa aka sake ranta mata. Madalla. Amma ɗan kasuwar Ɗan Isa da kayansa suka maƙale a kan iyaka cikin waɗannan watanni, da mai injin niƙa da ya zauna a duhu bayan Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, da wanda ya yi layi a bakin banki aka ce masa babu tsabar kuɗi, su wa ya saurari uzurinsu? Uzurin da ya wanke ƙasa ya kamata ya wanke ɗan ƙasa.

Gundumar Madarumfa ta fi kowa sanin wannan. Rayuwarta a kan iyaka ta rataya, tsakanin Ɗan Isa da Jibiya. Najeriya ta rufe iyakar daga Agustan 2019 har Disambar 2020, ciniki ya tsaya cik. Ƴan bindiga sun addabi Gabi, Safo, Sarkin Yamma da ƙauyukan gefen dajin Baban Rafi, suna kore shanu suna ɗauke mutane. Magidancin da aka sace wa mata ko ɗa, ya sayar da gona da dabba ya haɗa kuɗin fansa, shin watan nan zai tuna da ranar biyan banki? Ruwan 2024 ya rusa gidaje ba adadi a jihar Maraɗi, wato mutanen da suka fi bukatar bashin gini su ne waɗanda musiba ta fi ɓata wa suna a kundi. Manomin fadamar Jiratawa kuɗinsa sau biyu ko uku suke zuwa a shekara, lokacin da ya kwashe amfani, amma takardar banki wata-wata take ƙidaya, kamar kowa ma'aikacin ofis ne.

Ga abin da tabon yake ci. Mu ɗauka, don misali kawai, mutum ya nemi miliyan 10 na tsawon shekara 15. In an ba shi da ruwa 8 cikin ɗari, zai riƙa biyan jaka 95 da ƴan kai a wata. In banki ya ga jinkiri a rahotonsa ya ce sai 10 cikin ɗari, biyan ya koma jaka 107. Bambancin ya wuce miliyan 2 kafin a gama, kuɗin ɗaki biyu da rufinsu. Wannan ma ga wanda aka tausaya wa ke nan. Sauran ana rage musu adadin, ko a ce su kawo mai tsaya musu, ko a ce su dawo wata rana, ranar da ba ta zuwa. Tun da bankuna sun saba kada abin cirewa ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, mai neman wannan bashi sai albashinsa ya kusa jaka 290. Ma'aikata nawa ne a Madarumfa ke ɗaukar haka? Kuma dole a gama biya kafin ritaya, saboda haka shekara 5 na jiran tabo ya goge ba ƙaramin abu ba ne ga mai shekara 45. Ba mu ma taɓo maganar takardar fili ba: jingina ta gaskiya titir fonsiye take bukata, yawancin mutanenmu kuwa abin da ke hannunsu takardar sayen fili ce daga magajin gari, ko shaidar mai gari.

Masu kare tsarin suna cewa haka ake yi a Amurka. Haka ne, can jinkiri yana zama a rahoton mutum har shekara 7, kuma tarihin biya shi ne kaso mafi girma a makin da ake ba shi. Sai dai su ƙarasa labarin. A Maris 2020, da annobar korona ta zo, majalisar Amurka ta yi doka cewa wanda aka ɗaga wa biya kada a rubuta shi a matsayin mai jinkiri. BCEAO da kanta ta ba bankuna damar ɗaga biya na wata 3, ana iya sabuntawa, ba tara ba ƙarin kuɗi. Ashe ana iyawa. Cutar da ta taɓa Faransa da Abijan ta samu sassauci cikin makonni. Ƴan bindigar da suka shekara da shekaru suna kwana a ƙauyukanmu ba su kai a yi musu ko takarda ɗaya ba.

Wani gurgun gefen kuma shi ne abin da kundin ba ya gani sam. A jihar Maraɗi aka haifi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, tsarin da ƙasashen duniya suka kwaikwaya daga baya. Akwai matan da suka fi shekara 20 suna zubi kowane mako, suna ranta suna mayarwa ba fashi. Akwai masu adashi a kasuwar Madarumfa da ba su taɓa saɓa rana ba. A idon banki waɗannan ba su da tarihi. Amanar shekara 20 ba ta shiga na'ura, tuntuɓen wata 2 yana shiga.

Abin da muke nema ba shi da wuya. Ma'aikatar kuɗi ta riƙa sanar da bankuna a rubuce duk watan da albashi ko kuɗin ƴan kwangila ya makara, a kuma hana rubuta jinkirin wannan wata a kan ma'aikaci. Inda hukuma ta tabbatar da ambaliya, hari ko rufe iyaka, a ɗaga biya kamar yadda aka yi a 2020. Bankin da ya ƙi ba da bashin gida saboda rahoto ya ba mai nema dalilin a takarda, maimakon murmushi da "sai mun kira ka". Ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda suka iya tsayar da ƙasa a kan albashi, su sa wannan batu cikin takardar kokensu, domin albashin da ya makara yana zuwa daga baya, amma tabon da ya bari ba ya tafiya da zuwansa.

Kafin nan, doka ta ba kowa haƙƙin karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, da haƙƙin ƙalubalantar kuskuren da ya gani a ciki. Duk mai niyyar neman bashin gida ya nemi nasa tun kafin ya kai dosiye, ya adana takardun banki masu nuna ranar da albashi ya shiga kowane wata, domin su ne shaidarsa. Bankunan Maraɗi kuma su liƙa wannan haƙƙi a bakin ƙofarsu da Hausa, boko da ajami, a karanta shi a gidajen rediyon karkara ranar kasuwa.