Gwaninta Ba Ta Wanke Laifi

Jama'a, ina so mu dubi labarin wata Bajamushiya mai suna Leni Riefenstahl, don akwai abin lura a cikinsa ga mai koyon malanta. An haife ta a Balin cikin 1902, ta mutu cikin 2003 tana da shekara 101. A zamaninta da wuya a sami wanda ya fi ta gwanintar shirya majigi.

Cikin 1934 Hitila ya sa ta ɗauki hoton babban taron jam'iyyarsa ta Nazi a birnin Nuremberg. Ta zo da kamara wajen 30. Takan kafa kamara a ƙasa ta ɗauko shi yana bisa, sai ka ga madaidaicin mutum ya zama ƙato. Majigin ya soma da jirginsa yana ratsa gizagizai, kamar daga sama aka aiko shi. Dubban samari sun gani, zukatansu suka kwanta da shi.

Da aka ƙare Yaƙin Hitila cikin 1945 aka kama ta, aka bincika, aka ce 'yar rakiya ce kurum. Har ta mutu tana cewa abin da ya auku ta ɗauka, kuma ba ta taɓa shiga jam'iyyar ba. Lalle ba ta shiga ba. Amma sa'ad da take shirya wani majigi mai suna Tiefland, daga sansanin tsare mutane aka kawo mata 'yan kabilar Roma suka yi mata wasa, daga baya aka hallaka da yawansu a Auschwitz. To, a ganina uzurinta bai karɓu ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kada mu ce abin na Turai ne. A nan Abuja, cikin watan Maris 1998, an tara jama'a a taron da aka kira na mutum miliyan biyu, don a roƙi Janar Sani Abacha ya zarce da mulki. An kawo mawaƙa da makaɗa, talabijin ta nuna wa ƙasa duka. Alhali kuwa wata uku kafin nan Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki. Masu kamara da masu kiɗa na wannan rana, ai su ma za su ce sana'arsu suka yi.

Ya 'yan'uwana, gobe mu ne za mu tsaya gaban yara arba'in ko fiye, abin da muka nuna musu shi za su ɗauka gaskiya. Wata rana wani mai iko zai so mu koya musu yabonsa, mu ɓoye musu ɓarnarsa. Ran nan sai kowa ya tambayi kansa, wa nake yi wa aiki da wannan baiwa da Allah ya ba ni? Allah ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.