Sana'a Sa'a: Wankin karbiratar tsohon babur

Duk shekara, da hunturu ya kama, labarin guda ne a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ma'aikaci ya fito da safe zai tafi biro, ya yi ta harba babur har gumi ya karyo masa, injin ya ƙi tashi. In ya tashi ma, da an saki hannu sai ya mutu. Daga nan sai mai shi ya yanke cewa injin ya gama yayi, ya sayar da shi da araha, ya ci bashin sabo. Alhali sau da yawa ciwon bai wuce dauɗar karbiratar ba.

Aikin karbiratar shi ne gauraya iska da mai, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi. Man yana bi ta wasu ƴan ƙusoshin tagulla masu huji, waɗanda makanikai ke kira jiklar. Hujin babban kamar milimita 1 ne, na ƙaramin kuwa, wanda ke riƙe injin sa'ad da babur ke tsaye, bai kai rabin haka ba. Ƙwayar rairayi guda ta isa ta toshe shi. Dauɗar tana shiga ne ta yagaggen filtar iska, ko daga tsatsar tanki, ko daga man kwalba da aka zuba ba a tace ba. Man da ya yi watanni a ajiye shi ma yana barin danƙo.

A babur irin Honda CG 125, wanda aka fara ƙerawa a 1975, fitar da karbiratar ba wuya. A bari injin ya huce, a rufe famfon mai, a kwance ƙusar ƙasa man da ya rage ya tsiyaye, a zare tiyo. Sannan a buɗe murfin sama, a jawo buwaso da allurarsa a hankali, kada ta lanƙwashe. In an sassauta robar filtar aka kwance noti biyu na gefen injin, sai ta fito.

A shimfiɗa tsumma mai tsabta, a buɗe kwanon ƙasa, a fitar da fulotar da jiklar duka biyu, a jera su bi da bi. Kafin a kwance ƙusar iska, a fara ɗaure ta a hankali ana ƙirga juyi, domin a maida ta daidai inda take. A wanke komai da mai mai kyau, a hura kowane huji da famfon taya. A ɗaga jiklar wajen rana: in haske ya fito a kewaye, ya wanku.

A nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna. Wanda ya gaji da hurawa sai ya ɗauko allura ko wayar birki ya soka. Tagulla tana da taushi, hujin ya faɗaɗa, kuma ba ya komawa. Babur zai tashi, amma kullum yana shan mai fiye da ƙima, buji yana baƙi, mai shi yana biyan kuɗin gaggawar minti guda har ƙarshen shekara. Hujin nan awo ne, ba a taɓa shi da ƙarfe. Haka kuma ba a tsotsar mai da baki, ba a yin aikin kusa da taba ko murhun shayi.

Bayan an haɗa, a wanke filtar, in ya yage a sake shi. Wanda ya cire shi gaba ɗaya don injin ya sha iska ya buɗe wa ƙura ƙofa har cikin fistan. Bayan ƴan kwanaki a duba buji: launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce.

Wanda ba shi da hannun aikin ya kai wa makanike, amma ya tsaya ya gani da idonsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai sati mai zuwa, da yardar Allah.