MAI ZAYYANA BA BOKA BA NE

'Yan'uwanmu mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba a Ikko, da na Sabon Badun, da na Shagamu da Fatakwal, yau maganarmu a kan abin da akwatin telebijin yake koya wa 'ya'yanku ne da daddare. Da yawa daga cikin yaran nan a Kudu aka haife su, ba su zuwa gida sai da Sallah, wasu ma sai in an yi rasuwa. Saboda haka Arewar da suka sani ita ce wadda 'yan wasan kwaikwayo suka nuna musu, ba wata ba.

To, ku lura da kyau. A yawancin wasannin Hausa, da zarar an hasko mutum zaune bisa buzu, ga allo ga kurtun tawada a gabansa, mai kallo ya riga ya san abin da zai biyo baya: wata mata ce za ta shigo neman a raba kishiyarta da miji, ko wani ɗan siyasa mai neman a ɗaure bakin abokin takararsa. An mai da allo da alƙalami alamar tsubbu. Ba mu ce babu masu tsubbu a ƙasar nan ba, akwai su, kuma tona asirinsu aiki ne mai kyau. Amma fa in yaro ya ga abu sau ɗari ta fuska ɗaya, zai ɗauka ba shi da wata fuskar.

Alhali kuwa duk wanda ya tashi a Gombe, ko a Bolari ko a Jekadafari ko a Tudun Wada, ya san akwai wani mai allo dabam, watau mai zayyana. Shi ne wanda in almajiri ya sauke Alƙur'ani izu sittin, ake kai masa sabon allo ya ƙawata shi da zane mai launi-launi, a rubuta Fatiha a gefe ɗaya, farkon Baƙara a ɗaya gefen, sa'an nan yaro ya ɗauka ya zaga gidajen dangi ana sa masa albarka ana ba shi kyauta. Haka kuma a Alƙur'anin da aka rubuta da hannu, zayyana ce take nuna wa mai karatu inda izu ya cika, da rubu'i, da sumuni, da wurin sujada. Wani zanen bai wuce faɗin kwabo ba, amma in ka ƙura masa ido sai ka ga da'ira cikin da'ira, da saƙa irin ta dagi, ba layin da ya hau kan ɗan'uwansa. Babu siffar mutum ko ta dabba a ciki, don addini bai yarda da wannan a irin wurin nan ba. Launukan ma kowanne da aikinsa a rubutun: baƙi na baƙaƙe, ja na wasula, rawaya ta hamza. Tawadar da hannu ake haɗa ta da ƙaro, alƙalamin kuwa kara ne da mai aikin ya feƙe da kansa. Mutum zai yi wuni a sunkuye a kan abin da tafin hannu zai rufe, kuma in hannunsa ya yi rawa sau ɗaya, aikin ya ɓaci. Wane ne ya taɓa ganin an ba irin wannan mutum ko da minti goma a wasan telebijin?

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A Amurka ma, mai sha'awar ƙera ƙananan abubuwa da shafa musu fenti yakan fito a wasanninsu kamar wanda ba shi da cikakkiyar lafiya. A wasan CSI, tsakanin 2006 da 2007, wadda take kashe mutane ita ce mai ƙera ɗan ƙaramin ɗaki kwatankwacin inda ta yi kisan. A House of Cards, a 2014, mugun ɗan siyasan nan Frank Underwood ne aka nuna yana jera 'yan ƙananan sojoji na yaƙin basasar Amurka. Sai dai su sun sami wanda ya fanshe su: a The Wire, wanda aka fara a 2002, ɗan sandan da ya fi kowa haƙuri da basira, Lester Freamon, shi ne mai sassaƙa 'yan ƙananan kujeru da tebura, kuma haƙurin da ya koya a nan da shi yake bin sawun masu laifi. Mu ko wannan ɗaya ɗin ba mu samu ba.

Masu shirya wasa za su ce mutum zaune yana zane ba labari ba ne, jama'a rigima suke so. Wannan uzuri ne na wanda bai leƙa zauren mai zayyana ba. Ga dattijo idonsa ya fara dushewa, ɗansa ya ƙi gado ya tafi Ikko acaɓa. Ga na'urar ɗab'i tana fitar da kwafi dubu a kuɗin da mai rubutun hannu ba zai iya gogayya da shi ba. Ga attajiri ya ba da aikin shekara guda, an gama ya soma ja-in-ja a kan lada. In wannan ba rigima ba ce, mece ce? Marigayi Ƙasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi, watau Samanja, daga rayuwar yau da kullum suka riƙa ɗauko wasanninsu, kuma ba a rasa masu kallo ba.

Tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire Gombe daga Bauci, jihar take cin gashin kanta, kuma tana da gidan telebijin nata. Ba sai ta jira Kano ko Kaduna ba. Muna kira ga hukumar gidan da ta sa marubutanta su zauna da masu zayyana na gari, su fito da wasa wanda jaruminsa mai zayyana ne, a kuma ɗauki hoton hannun gwani na ainihi, ba ɗan wasan da bai iya riƙe alƙalami ba.

Ku kuma na Kurmi, akwai naku. Ƙungiyoyinku na 'yan asalin Gombe suna tara kuɗi don biki da jana'iza. Su ware wani abu su ɗauki nauyin kashi ɗaya na wasan. In kuma ɗanku ya yi sauka a makarantar allo ta Agege ko ta Sabo, kada ku tsaya ga takardar shaida mai firam. Ku aika gida da direban mota a yi masa allon zayyana, ku biya mai aikin ladan da ya faɗa.