Matar Sojan Ruwa Ma Tana Bakin Daga



Duk ranar 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, Nijeriya kan tuna da 'yan mazan jiya. A Abuja shugaban ƙasa da manyan hafsoshi kan ajiye furanni, a busa begila, a saki fararen tantabaru. Hakan ya dace ƙwarai. Sai dai duk sanda na kalli bikin nan a talabijin, hankalina kan tafi wajen wata baiwar Allah da kyamara ba ta taɓa nemanta, wato matar sojan ruwa.

Da yawanmu a nan Arewa ba mu taɓa ganin teku ba, shi ya sa muke ɗaukar aikin sojan ruwa kamar na wasu ne can. Alhali kuwa Murtala Nyako ya shugabanci rundunar nan, haka ma Awwal Zubairu Gambo, ɗan Kano, daga 2021 zuwa 2023. Rundunar da aka kafa tun 1956 tana da sansani a Baga, bakin Tafkin Chadi, inda 'yan ta'adda suka kai farmaki a Disambar 2018. 'Ya'yanmu ne a cikin jiragen nan, kuma 'ya'yanmu ne ke aurensu.

Ɗiyar yayata na cikinsu. Daga Kano aka kai ta Navy Town da ke Ojo a Legas, ba ta jin Yarbanci, ba ta san kowa ba. Ko wata uku ba ta yi ba maigidan ya shigo da daddare ya ce gobe jirginsu zai tashi. Ina za su? Ba a faɗa. Yaushe za su dawo? Sai yadda hali ya yi. Ta ce mini, "Kawu, abin da ya fi ci mini rai waya ce. In sun yi nisa cikin ruwa babu sabis, sai in kwana da ita a ƙarƙashin matashi, ko saƙon kamfani ya shigo sai gabana ya faɗi."

Da naƙuda ta kama ta, matar maƙwabcinsu, wata 'yar Kalaba, ita ta nemo mota ta kai ta asibitin bariki, ta kwana a kanta. Ƙanen mijin ne ya yi wa jaririn huɗuba. Aka yanka rago, aka raɗa suna, uban bai ɗauki ɗansa ba sai da aka yi arba'in. Daga baya aka yi musu canjin wurin aiki, ta sake ɗaure kaya, ta sake neman makaranta, 'yar sana'ar ɗinkin da ta fara ta watse.

To me wannan haƙuri ya saya wa ƙasa? A 2020, cikin ma'aikatan jiragen ruwa 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka sace su. Zuwa Maris na 2022 hukumar da ke sa ido kan fashin teku ta duniya ta cire Nijeriya daga jerin ƙasashen da matsalar ta yi wa katutu. Sintirin dare da rana ne ya kawo haka. Ta wannan ruwa ake fitar da man da ƙasa ke ci da shi, ta nan kuma kayan da ke cika kasuwar Kwari da Singa ke shigowa. Sojan da ke tsaye a kan jirgi tsakar dare ba zai iya tsayuwar ba sai ya tabbata akwai mai riƙe masa gida.

Inda abin ya fi ciwo shi ne in ta Allah ta kasance. A lulluɓe akwati da tuta, a yi jawabi, kowa ya watse. Ita kuma ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, kafin ta fita tunanin barin gidan bariki ya taso, ga zirga-zirgar takardun haƙƙin mamaci, wani sa'in har da dangin miji masu hangen abin da za a biya. Ƙungiyar matan hafsoshin ruwa, NOWA, tana ƙoƙari da makarantu da koyar da sana'a, amma haƙƙin marayu nauyi ne a wuyan hukuma.

Muna kira ga rundunar da hukumar fanshon soja su riƙa biyan iyalan mamata cikin hanzari, kada a tashi mace daga gida kafin haƙƙinta ya shiga hannunta. Ku kuma sojojin, ku gyara takardun magajinku tun kuna da rai, ku sanar da matanku abin da ke ciki. Mai sauraro, in akwai matar soja a danginku ko a unguwarku, kira ta yau ka tambayi lafiyar yara.

Allah Ya dawo da na kan ruwa lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama.